Bencin Mai Gyaran Waya

A yi mini afuwa, ban taɓa rubuta labari ba, karatu kawai na iya. Wannan ma ji na yi a bencin mai gyaran waya, tsakanin wani dattijo da wata mata mai zoben zinare. Ba su san juna ba, fim ɗin da ake yayi ne ya haɗa su. Ni ina gefe da littafina, ina jiran a gyara min caja.

"Ni ƙarshensa ya ɓata min rai," in ji dattijon. "Attajiri ya gina miki gida kamar aljanna, don ya sa kyamara a ɗaki sai ki gudu? So ne ya yi masa yawa."

"So? Baba, har numfashinta yake ƙirgawa."

"Wanda ya sayi tsuntsu mai tsada ai dole ya rufe keji."

"To ya auri tsuntsun mana."

"Kai, 'yata, ba ku da godiya. Yarinyar nan haukacewa ta yi."

"Ba hauka ba ne. Ka taɓa yin dariya a gidan ƙanwarka, a kira ka a ce wa ya ba ka dariya?"

"A fim ɗin ba a yi wannan ba."

"Na sani."

Sai mai gyara ya ɗago kai. "Hajiya, ga abin da aka sa a wayarki, mai nuna wa maigidan inda kike. In na cire, nan take zai gane fa."



"Cire," ta ce. "Ya gane ɗin."

Na rungume littafina na sulale, ko cajata ban tsaya karɓa ba.