Ƙwaryar Nono a Kujerar Gaba

Assalamu alaikum. Shugaban direbobin wannan tasha tamu ta Azare, Alhaji Bunu, dattawan da suka koya mana riƙon sitiyari, 'yan'uwana direbobi, iyayenmu mata masu kasuwa, ina gaishe ku baki ɗaya, ina kuma godiya da aka bar ni in yi magana kafin a yanke hukunci.

Sunana Bappayo, direban bas. Yau za ku ɗaga hannu kan ko za a cire ni daga layin lodi, domin Malam Sherif, sakatarenmu, ya ce mai ƙafa ɗaya haɗari ne ga fasinja. Maganar ta yi mini ciwo, ba zan ɓoye ba.

Da farko, ƙafar hagu na rasa, ƙafar kuloci. Motata da kanta take canza giya, ƙafar dama kuwa tana nan kan birki da totur. Likita ya duba ni, masu gwajin tuƙi sun gwada ni, ga lasisina.

Na biyu, ku tambayi Inna Adawiyya mai nono, ga ta can zaune. Motoci uku take bari su tashi tana jiran tawa. Na ce, “Inna, rana tana yi.” Ta ce, “Bappayo, a motarka kaɗai nonona ke isa kasuwa bai taɓa faifai ba.”

To, a cika ƙwarya, a ɗora a kujerar gaba, ni da Malam Sherif kowa ya tuƙa zuwa Bulkacuwa. Wanda tasa ta zuba, shi ya bar layi. Na yarda, a gaban kowa na yarda!

Kun tuna ranar da na kife a hanyar Dambam, ina tsere don in riga wani shiga layi. Kun ɗauko ni, kun ba ni jininku, ban manta ba. Amma ku tuna da kyau: ranar nan ƙafafuna biyu ne. Shekara bakwai ke nan da ƙafa ɗaya, ko akuya ban taka ba.

Ba sadaka nake nema ba, layina nake nema.

Allah ya tsare hanyoyinmu, ya mai da kowane fasinja gidansa lafiya, ya bar muku ƙafafunku, ya ba ku hankalin da sai da na rasa tawa na samu. Inna, kawo ƙwaryar. Na gode.