Gida Mai Lamba Tara, a Sanyi da a Zafi

Da sunan Allah Mai rahama Mai jinƙai. Assalamu alaikum, salama a gare ku baki ɗaya.

Shugaban wannan ƙungiya tamu ta 'yan Arewa mazauna Doha, Malam Manasseh. Magatakardarmu, Malama Haulat, wadda bironta ba ya mantuwa ko da mu mun manta. Uwarmu Mama Felicia da sauran dattawa. Malaman jinya da suka baro aiki ko kayan asibiti ba su cire ba. 'Yan'uwana direbobi da masu gadi. Waɗanda suka taso daga masallaci da waɗanda suka taso daga coci a wannan rana ta Juma'a. 'Ya'yanmu da ke can baya suna duba waya suna cewa tsohon nan ya sake karɓar lasifika: ina gaishe ku, ina yi muku sannu da zuwa.

Na gode wa shugaba da ya ba ni minti goma. Ya san ni, na san shi. Kakata ce ta raine ni a Zariya, kuma ita ba ta taɓa kai tatsuniya ƙarshe ba tare da ta bi ta kasuwa ba. A yi mini uzuri.

Ga waɗanda ba su daɗe da shigowa cikinmu ba, sunana Zulkiflu, direba ne ni, shekarata ashirin da huɗu a ƙasar nan. Abin da ya tara mu a wannan zaure na unguwar Matar Ƙadim shi ne gidan hutu mai lamba tara, wanda ke bakin teku, kusa da tsohon wurin wasan yara. Gidan ba namu ba ne. Kamfanin da ya gina shi ba ya sayar da gida, mako yake sayarwa. Mu kuma shekara goma sha bakwai da suka wuce muka haɗa hannu muka karɓi mako guda a kowane wata. Adashe ne, sai dai kwana ake ɗauka. Yanzu kamfani ya rubuto cewa in muna so, za mu iya musanya makonninmu da ɗakuna a sabon dogon benensu, wanda ke jikin sabon wurin wasa mai rufi da sanyi, kuma suna jiran amsa zuwa ƙarshen Maris. Ɗanmu Edwin, ma'aikacin lantarki, ya tashi ɗazu a madadin matasa ya ce tsohon gida ya tsufa, a kaɗa ƙuri'a yau a rabu da shi. Dattawa kuma suka tura ni in kare shi.

Magana ta farko, ita ce tambayar da kowa ke kewayewa: shin gidan ya tsufa?

Ya tsufa. Ranar wanka ba a ɓoyon cibiya. Labulensa launin ƙasa ne, kuma ban tabbata da wannan launin aka saye shi ba. Darduma mai furanni ce, furannin sun bushe tun ba yau ba. Talabijin ɗin yana da ƙeya kamar tukunyar biki. Iyakwandishan na falo in aka kunna shi, sai ka rantse tsohuwar roka ce ta ɗauko doya tana hawan tudun Riyom. Mai neman intanet kuwa sai ya je tagar kicin ya ɗaga waya sama kamar mai roƙon ruwa. Shi ma wurin wasan da ke maƙwabtaka ya bi sahu: babban lilon nan mai juyawa, wanda a da muke hangowa daga kan soro muna mamaki, yanzu yana tafiya ne irin tafiyata. Duk abin da Edwin ya lissafa gaskiya ne, har ya yi mana kara ya bar wasu.

An ce in tuna muku da tsohuwar zuma ake magani. Ba zan tuna muku ba, don iyakwandishan ba zuma ba ce.

Magana ta biyu, abin da gidan ya kasance mana. Ina roƙon matasa su ɗan ajiye waya, wannan ba ya cikinta.

Da na zo ƙasar nan, a unguwar Al Asmakh na sauka, mu shida a ɗaki guda, gado bisa gado. Mallakata duka ita ce zanen da na rataya ya zame mini labule. Malaman jinya suna gidan kwanan asibiti, ƙofa da mai gadi da littafin sa hannu. Mutum yana da mata, yana da 'ya'ya, yana da sunan da ake girmamawa a unguwarsu, amma a nan ba shi da ƙofar da zai ce wa baƙo bismillah, shigo. Ranar hutu sai mu tafi Corniche, hanyar bakin teku, mu zauna muna kallon jiragen ruwa na katako, muna kallon iyalan wasu suna shimfiɗa tabarma. Ba yunwa ke damunmu ba. Tsakar gida muka rasa.

Gida mai lamba tara yana da tsakar gida. Wannan ne kawai ya ja mu, ba wurin ninƙaya ba, ba teku ba.

A watan Janairun farko, uwargidana Rukayatu ta zo da bizar ziyara, ita da 'yarmu Nasiratu. Na buɗe mata ƙofa ina jiran ta yaba kujeru. Ko kallonsu ba ta yi ba. Ta wuce tsakar gida, ta nemi tsintsiya, ta share wurin da ma a share yake, ta shimfiɗa tabarma, ta zauna ta miƙe ƙafa, sannan ta ce, "To Malam, yanzu na yarda kana zaune a wani wuri." Shekara bakwai ina ƙasar nan, ranar na fara cin tuwon da ta tuƙa ba tare da na hau jirgi ba. Da yamma muka kai Nasiratu lilo. Tana can sama tana kiran sunana, ni kuwa ina ƙasa ina riƙe da takalmanta ina karanta duk addu'ar da na sani.

Mama Felicia tana nan, ta ƙaryata ni in na yi ƙari. Ita ce ta ɗauko turmi da taɓarya tun daga Kafanchan a cikin kayanta. A filin jirgi ma'aikaci ya juya taɓaryar nan, ya duba ta, ya tambaye ta ko makami ne. Ta ce masa, "Ɗana, ya danganta da wanda ya ɓata mini rai." Turmin yana kicin ɗin har gobe. A can aka daka sakwarar Kirsimeti, a can aka daka yajin Sallah. Ba mu taɓa rubuta doka ba, amma ba Musulmin da ya taɓa ɗaukar makon Disamba, kuma duk wanda ya gama makonsa yakan bar wa mai zuwa ɗan kuka da daddawa a cikin kwalba. Ku je hawa na ashirin a sabon bene ku buga taɓarya sau uku, ku gani ko maƙwabcin ƙasa ba zai kira muku 'yan sanda ba.

Da a nan zan tsaya, da dattawa sun tafa mini, da na zauna. To akwai magana ta uku, kuma ita ce ta tayar da ni. Dattawa ba su san zan faɗe ta ba.

A watan Agustan da ya wuce, motar Edwin ta lalace suna can gidan hutu, shi da matarsa Diana da 'ya'yansu mata biyu. Ya kira ni in ɗauko su. Na isa da misalin ƙarfe biyu na rana. Jama'a, shekara goma sha bakwai ina shiga gidan nan, amma ranar ban gane shi ba. Na kama hannun ƙofa, ya ƙone ni. Tsakar gidan da nake ba ku labari ta zama kasko, ko ƙadangare bai yarda da ita ba. Ruwan ninƙaya ya yi zafin da mai jego za ta yi wanka da shi ta gode. Wurin wasa a rufe, sai rana ta faɗi. Na same su su huɗu a ɗaki guda, ɗakin da na'urarsa ke ɗan numfashi, yaran kwance da jiƙaƙƙen tawul a wuya.

Diana ta durƙusa ta gaishe ni yadda ya kamata, sannan ta ce, "Baba, sannu da zuwa aljannar taku."

Na ce, "'Yata, ai kun zo ba a kan lokaci ba. Wannan gida a sanyi ake cin moriyarsa."

Edwin ya yi dariya, irin wadda ba ta kai ciki ba. Ya ce, "Baba, zuwanmu na biyar ke nan. Uku Agusta, biyu Yuli."

Na ce, "Wa ya aike ka ka riƙa zaɓen Agusta?"

Ya ce, "Baba, ai ba na zaɓe. Takarda tana iso ni ne bayan ta bi hannu goma sha ɗaya."

Na ce, "Me ya hana ka magana?"

Ya ce, "In tashi a taro in ce Baba Zulkiflu ya bar mini Janairu? A gidanmu ba a koya mana haka ba."

Diana ta ce, "Yalla, Baba, mu tafi kafin yaran nan su dahu."

Tun daga can har Doha ban kunna rediyo ba.

Kun san yadda muke rabon makonni. Duk ƙarshen shekara magatakarda takan kawo takarda mai watanni goma sha biyu, a miƙa wa wanda ya fi kowa shekaru ya fara zaɓa, sai mai bi masa, har ƙasa. Haka muka taso muka gani: babba ke fara sa hannu a akushi. Al'ada ce mai kyau, kuma a gida ba ta cutar da kowa, don tuwon da ke gefen babba shi ne tuwon da ke gefen yaro. Amma a ƙasar nan Janairu da Agusta ba tuwo ɗaya ba ne. Mu muka kwashe Disamba da Janairu da Fabrairu da Maris, shekara bayan shekara, muna yi wa juna bismillah, muna ganin mun yi ladabi. Muka bar wa 'ya'yanmu wuta, su kuma kunya ta rufe musu baki. Sannan yau muka zo muna cewa yaran zamani ba su san darajar tsohon abu ba. Laifi tudu ne, ka taka naka ka hango na wani.

Mun daɗe muna faɗa musu cewa abin da babba ya hango, yaro ko ya hau rimi ba zai hango ba. Gaskiya ne. Sai dai babban nan bai taɓa kwana a gidan a watan Agusta ba.

Don haka ni a ganina ba a kan gida ɗaya muke gardama ba. Dattawa suna kare gidan da suka sani, matasa suna gudun gidan da suka sani, kuma duka biyun lambarsu tara. In aka kaɗa ƙuri'a yau, kowane ɓangare zai yanke hukunci ne a kan abin da bai gani ba.

Ga roƙona, shugaba. A ɗage ƙuri'ar nan zuwa Juma'ar ƙarshe ta Fabrairu, tunda kamfani zai jira. A juya takardar bana, ta fara daga hannun wanda ya fi kowa ƙuruciya. Kuma duk dattijon da ya nace a riƙe gidan, ya shirya ɗaukar Yuli ko Agusta da hannunsa, ya je ya ji. In matasa suka kwana a tsakar gidan nan a sanyi, suka ji ihun yara daga kan lilo, suka daka abin da za su daka, sannan suka dawo suka ce har yanzu bene suke so, to khalas, shi ke nan, ni ne zan fara ɗaga hannu tare da su. Gida na masu kwana a cikinsa ne.

Ni dai ba zan kwana a ko ɗaya ba. Kafil ɗina, ubangidan da ya tsaya mini a ƙasar nan, ya sanar da ni shekaru sun cika, a watan Afrilu zan tattara in koma Zariya. Janairun nan mai zuwa shi ne na ƙarshe gare ni, kuma mun riga mun shirya Rukayatu za ta zo mu yi sallama da wurin. Shekaranjiya na kira ta, na faɗa mata abin da na gani da abin da nake son yi. Ta saurare ni har na gama. Sannan ta ce, "Malam, ni na share tsakar gidan nan sau tara. Bar wa yarinyar ta share sau ɗaya. Sai dai ka faɗa mata ƙofar kicin ba ta rufuwa sai an ɗan ɗaga ta."

Malama Haulat, ɗauki bironki. Ki soke Zulkiflu a Janairu, ki rubuta Edwin da Diana. 'Yata Diana, kin ji saƙon uwarki: a ɗan ɗaga ƙofar.

Allah ya ba mu ikon ganin abin da ke gaban ɗan'uwanmu kafin mu yanke masa hukunci. Allah ya yafe wa manya abin da suka ɗauka ba su lura ba, ya saka wa yara da alheri a kan abin da suka haɗiye. Allah ya tsare masu aikin asibiti, da masu tsayuwa a bakin ƙofa, da masu bin hanya. Allah ya raya 'ya'yan da aka haifa mana a nan, ya sa su san inda suka fito. Waɗanda suka riga mu komawa gida, Allah ya sa sun tarar da alheri. Waɗanda suka riga mu gidan gaskiya, Allah ya ji ƙansu. Allah ya ba ƙasarmu zaman lafiya, ya ba ƙasar da ta karɓi baƙuncinmu albarka.

Shugaba, na ci minti gomanka har na taɓa na wani. Na gode muku da haƙurin saurare. Na gode.