Kula Mai Jan Murfi

A bencin tasha, ana jiran mota ta cika, wani tela ya buɗe kula ya tura gaban matar da ke gefensa.

"Bismillah, Hajiya. Girkin maiɗakina ne. Ni ba na cin abincin sayarwa, ƙazanta ce zalla."

Ta ɗanɗana, ta juya jan murfin tana dubawa.

"Malam, matarka doguwa ce, mai wushirya?"

"Kin san ta ne?"

"Kullum ita ce ta farko a rumfata. Ni na haɗa miyar nan da asuba." Sai ta kama baki. "Wayyo, ta roƙe ni kar in faɗa."

Tela ya sunkuyar da kai, ya fara rufe kular.

"Cinye abinka, Malam. Amma kular tawa ce."