Kalmar da Likita Ya Faɗa

A bencin jira na asibiti, wata dattijuwa riƙe da kwanon abinci ta juyo wajen saurayin da ke gefenta.

"Ɗana, kana jin Turanci? Likita ya ce yanzu maigidana sai 'faliyeti'. Mece ce ita?"

Saurayin ya gyara zama.

"Inna, 'paliyetib' ake cewa. Sai kin haɗe leɓɓanki..."

"Tun safe duk wanda na tambaya sai ya hau gyara min baki. Jarrabawa aka ce maka zan zauna?"

Ya sunkuyar da kai. "Wato za su riƙa rage masa raɗaɗi ne."

"Warkewa fa?"

Ya girgiza kai.

Ta daɗe tana kallonsa, sannan ta miƙe.

"Allah ya yi maka albarka. Bari in kai masa ya ci tun da sauran zafi."