Karatuna Zai Cinye wa Bitrus Lahadi

Assalamu alaikum mai gabatarwa, sannu da ƙoƙari. Sunana Sabi'u, daga Malali nake rubuto maka, kuma raina a jagule yake.

Ina aikin karɓar baƙi a wani otal a Unguwar Rimi. Mu biyu ne a teburin, ni da Bitrus. Tun da muka fara aiki muka yi tsari tsakaninmu: ranar Juma'a ya tsaya mini in tafi masallaci, ranar Lahadi in tsaya masa ya tafi coci, inda yake jagorantar mawaƙa.

To, manaja ya ce ba ƙarin girma sai da digiri. Na nema, Allah ya sa na samu gurbin karatun kasuwanci na ma'aikata. Sai da na je makarantar na ji ashe Asabar da Lahadi ake darasi.

Na gaya wa Bitrus. Ya ce, “Malam Sabi'u, je ka yi karatunka, zan riƙe teburin.” Ran Lahadin da na fara zuwa, da na dawo da yamma na tarar da shi zaune shi kaɗai, yana rera waƙar cocinsu ƙasa-ƙasa. Wallahi kasa haɗa ido na yi da shi.

Masu sauraro, ku ba ni shawara: in ci gaba ko in haƙura? Ina da iyali, ina son ci gaba. Amma ga Juma'a na zuwa, kuma na san Bitrus zai ce mini, “Tashi, kar ka makara.”