Ranar da Akuya ta Cinye Inshorata

'Yan'uwa, ina gaishe ku cikin sunan Yesu Almasihu Mai Cetonmu. Halleluya! Ku amsa da ƙarfi mana, ko ba ku karya ba ne?

Ni ne Bulus direba, mai jigila tsakanin Gumel da Maigatari. Kun san ni da tsantseni a kan takardun mota. Takardar inshorata kullum tana maƙale a saman gilashin gaba, bayan abin kare rana. Kamfanin ya turo mini irinta a waya, amma ban taɓa buɗewa ba, don ni abin da hannuna ya riƙe na sani.

Ranar Alhamis ɗin kasuwar Maigatari, wani Bafulatani ya roƙe ni in sa akuyarsa a kujerar gaba, wai tsohon ciki gare ta, kada a matse ta a but. Na yarda. Muna tafe ina ganin tana motsa baki, na ɗauka tuƙa take yi irin tasu.

Ina sauke su ke nan sai ga kiran surukata daga ƙauyensu kusa da iyaka, inda matata Saratu, ita ma da tsohon ciki, ta je gaishe ta. Ta ce, "Bulus, maza! Naƙuda ta taso, kuma jini take zubarwa."

Nan take na garzaya ƙauyen. Na ɗauko su muka nufi asibiti a Gumel, Saratu tana nishi a baya, Mama tana riƙe da ita.

Ba mu yi nisa ba sai ga shingen masu duba takardun mota. Jami'in ya ce, "Direba, inshora." Na kai hannu sama da ƙarfin gwiwata, sai na zaro wani ɗan guntu jiƙe da yawu. Akuya ta cinye! Ko sunana ba ta bar mini ba.

Ya ce sai dai in ajiye mota. Na ce, "Ranka ya daɗe, mai haihuwa na ɗauko!" Ya leƙa, ya gani, fuskarsa ta sauya. Ya ce, "Ogana yana can yana kallonmu. Nuna mini ko ta waya ce, in sallame ka yanzu."

Na ciro waya, saƙon ya ƙi buɗewa. Kun san halin wayoyinmu a bakin iyaka, ta kama layin Nijar ta ƙi saki. Raina ya ɓaci, har na ɗaga ta zan maka da ƙasa. Sai na ji muryar Saratu can ƙasa-ƙasa, tana kira na da sunan ɗanmu: "Baban Istifanus, bar faɗa. Yi addu'a."

Na durƙusa a gefen kwalta, gaban kowa, na ce, "Ya Yesu, ba ni da takarda, ba ni da kowa a nan sai kai. Kada ka bar matata ta mutu a hanya." Kuka nake yi sosai, ban ji kunyar kowa ba.

Na kashe wayar na kunna. Layinmu ya dawo! Saƙo ya buɗe, ga lambar motata, ga sunana, ga komai. Halleluya!

Jami'in nan, Musulmi bawan Allah, ya ce, "Allah ya sauke ta lafiya. Biyo ni." Ya hau babur ɗinsa yana buɗe mana hanya har ƙofar asibiti. Ungozoma ta ce da mun ƙara jinkiri, da labarin ya bambanta.

Direbobi, ku riƙe ta takarda, ku kuma sauke ta waya tun kuna gida. Amma dogararku ta zama ga Ubangiji, shi ne ya ji ni a bakin titi.

Saratu, tashi su gan ki. Ɗaga ta sama! Ga 'yarmu nan, sunanta Godiya. Ku taya ni yabon Yesu, don ni kaɗai ba zan iya ba. Amin!