Silifas ɗin da Ya Tashi Zaman Makoki

Shugaban taro, Malam Abdussamadu, limamai da malamanmu na Badariya, 'yan'uwa da suka taso daga Argungu da Augie, iyayenmu mata, jama'a baki ɗaya: assalamu alaikum.

Ina godiya da aka ba ni minti biyar a wannan walima ta dawowar ɗanmu Mujtaba, matuƙin jirgin yaƙi. Na ɗora agogona a kan tebur.

Abu na farko, mu tuna abin da ya faru. Ranar Talatar makon jiya wani hoto ya zagaya wayoyinmu: tarkacen ƙarfe a cikin daji, da iƙirarin 'yan ta'adda cewa jirgin Mujtaba ne suka kakkaɓo. Wayarsa kuma ba ta shiga. Kafin azahar an shimfiɗa tabarmi a ƙofar gidan mahaifiyarsa, Hajiya Ummu Hani. Kafin la'asar buhun shinkafa ya iso daga Augie domin sadakar uku. Mun yi saurin zumunci, ba mu yi saurin tambaya ba.

Abu na biyu, awo. Shekara ashirin da takwas na yi ina gyaran jiragen sama, saboda haka na sa aka buga mini hoton a takarda, na ɗauko rula. Wanda ya ɗauki hoton ya manta ƙafarsa a ciki, sanye da silifas. Na auna: ƙarfen gaba ɗaya silifas uku da rabi ne. Uku da rabi, ba huɗu ba. Wutsiyar jirgin yaƙi kuwa ta fi kowa a nan tsawo. Ga kuma ƙananan fukafukai huɗu a gindin ƙarfen. Wannan gindin makami mai linzami ne, irin wanda jirgi ke harbawa. Abin da aka jefi 'yan ta'addan da shi suka tsinta, suka kira shi ganima.

Na shiga na yi wa Hajiya bayani. Ta dube ni, ta dubi rular, ta ce: "Malam Sunusi, in karatun bokonka ne kawai, bar ni da kukana." Na ce ta ba ni zuwa Alhamis. Ranar Laraba da hantsi Mujtaba ya kira ta, yana tambayar dalilin da ya sa ake aiko masa da addu'ar mamaci.

Abu na uku, roƙo: mu auna kafin mu tura, mu tambaya kafin mu shimfiɗa tabarma.

Allah ya tsare Mujtaba da abokan aikinsa, ya sanyaya zukatan iyayensu, ya mai da kowa gida lafiya. Shinkafar da ke gabanku ita ce ta sadakar ukun. Mujtaba, kai za ka fara sa hannu.

Na gode.